Quirk, eccentric, foible: wanne ne yabo, wanne ne zagi cikin ladabi?

Maman Ilham: Salam jama'ar gida. Don Allah masu Turanci ku zo ku fitar da ni daga duhu. Wata abokiyar aikinmu ce za ta bar asibitin da nake aiki a nan Ingila, aka zagaya da kati kowa ya rubuta mata sallama kamar yadda suka saba, sai na ga shugabar sashenmu ta rubuta wai za mu yi kewarki, ke da little quirks ɗinki. Ita matar dariya ta yi har da rungume ta, ni kuwa raina bai kwanta ba, don ƙamus ɗin wayata cewa ya yi quirk baƙuwar ɗabi'a ce, ya kuma jero min eccentricity da idiosyncrasy da foible da peculiarity wai duk ɗaya ne. To ba zaginta ta yi a bainar jama'a ba kuwa? Matar dai tana da abubuwanta kam, ba ta shan shayi sai a kofi ɗaya tak mai hoton kyanwa, in wani ya ɗauka ranar babu zaman lafiya, kuma birukanta ma sai ta jera su a aljihu daga dogo zuwa gajere.

Ɗan Kwari: Hhhh Hajiya ai mu nan tsirfa muke ce wa wannan. Kofi mai hoton mage kuma? Allah ya kyauta.

Tsohon Malami: Wa'alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, ba zagi ba ne, so ne ma. Quirk ƙaramar ɗabi'a ce da mutum ya keɓanta da ita wadda ba ta cutar da kowa, kuma galibi wanda ya faɗe ta yana murmushi ne, balle an sa mata little a gaba. Irin abin nan da in mutum ya tafi shi ake fara tunawa da shi. A da can kalmar tana nufin lanƙwasa ko murɗiya, kamar 'yar ƙawar da marubuci kan yi wa wutsiyar harafi, daga nan aka ɗauke ta aka ɗora wa hali.

Ƙamus ɗin waya kuwa ba ƙarya ya yi miki ba, rabin gaskiya ya faɗa. Dukkansu suna nuni ga halin da ya fita daban, amma kowacce tana tona inda mai maganar ya tsaya, yana son mutumin ne, yana yi masa uzuri, ko ya gaji da shi. Shekarun da na yi ina koyarwa abin da ya fi ba ni wahala wajen ɗalibai kenan, sai yaro ya buɗe littafin kalmomi masu kama da juna ya zaɓo wadda ta fi tsawo don ya burge mai maki, ya je ya kira shugaban makarantarsu peculiar man a cikin rubutun da yake nufin yabo.

Uwar Biyu: Baba to peculiar ɗin zagi ce? Ni wlh na ɗauka tana nufin na musamman

Tsohon Malami: Fuska biyu gare ta. In kin ce abu peculiar to wani wuri ko wasu mutane, ma'ana nasu ne su kaɗai, babu aibu. Amma in kika tsaya a kan mutum kika ce he is peculiar, to kin ce shi wani iri ne, ba ki gane kansa ba, kuma ba ki da niyyar matsawa kusa. Asalinta daga Latin ne, peculium, 'yar dukiyar da uba ko ubangida kan bar wa ɗa ko bawa ya riƙe a matsayin tasa, ita kuma daga pecus, wato dabbobin kiwo.

Bafulatanin Gombe: Madalla. Ashe su ma Rumawa sun san shanu su ne dukiya, mu har gobe in mun ce dukiya ai garke muke nufi 😄

Ɗan Kwari: Kai dai ko ina aka ambaci saniya sai ka fito daga daji

Lauyan Gobe: Tunda an zo kan peculiar, ku tuna Adegoke Adelabu na Badun, ɗan siyasar nan da ya rasu a haɗarin mota a 1958. Shi ne ya yi amfani da peculiar mess yana sukar abokan hamayya, mutanensa da ba su ji Turanci ba suka mayar da ita penkelemesi, har ta zame masa laƙabi. Kun ga a nan ma ba yabo ba ce.

Maman Ilham: Alhamdulillah hankalina ya kwanta. To Baba eccentric fa? Don ita nake yawan ji a nan, akwai wani dattijo a layinmu da yake fita da gajeren wando ko ana zuba ƙanƙara, yana tura kare a keken jarirai, makwabta sai su ce oh he's a bit eccentric suna dariya, ba wanda ya damu.

Tsohon Malami: Eccentric ta fi quirk girma nesa ba kusa ba. Quirk abu ɗaya ne a jikin mutum, eccentric kuwa mutumin ne gaba ɗayansa ya kauce wa turbar jama'a, suturarsa, gidansa, cin abincinsa, komai. Kalmar daga Girkanci take, ek wato waje, kentron wato tsakiya, masu ilimin taurari ne suka fara amfani da ita ga da'irar da cibiyarta ta goce. Kuma Ingilishi suna alfahari da irin waɗannan mutane, kamar kayan tarihi suke ɗaukarsu. Ga Henry Cavendish, masanin nan da ya bayyana iskar haidurojin a 1766 kuma ya auna nauyin duniya a 1798, attajiri ne na gaske amma kunya ta hana shi sakat, ba ya iya haɗa ido da mata, masu aikin gidansa mata da takarda yake ba su umarni, abin da zai ci ma rubutawa yake ya ajiye a kan tebur. Ga Walter Rothschild da ya ɗaura wa jakunan dawa keken doki ya kora su har fadar Buckingham don ya nuna ana iya horar da su. Wanda ya fi ba ni mamaki Jeremy Bentham, masanin falsafa da shari'a, ya bar wasiyya kada a binne shi, da ya mutu a 1832 aka haɗa ƙasusuwansa aka sa musu tufafinsa aka zaunar a kujera aka ɗora kan kakin zuma, yanzu haka yana nan zaune a akwatin gilashi a wata jami'a a Landan, ɗalibai suna wucewa ta gabansa.

Uwar Biyu: Innalillahi. Wannan ai ya wuce eccentric Baba, wannan sai ruƙiyya

Ɗan Kwari: Malam Allah ya gafarta, ni fa duk na lura da abu ɗaya a lissafin nan naka, babu talaka ko ɗaya. Attajiri, ɗan gidan masu banki, babban masani. Ka ɗauko faƙiri ka sa shi ya ɗaura wa jakin dawa amalanke a Landan ka gani in ba motar asibiti za a kira masa ba. Kenan eccentric sunan da ake kiran hauka ne in mai ita yana da kuɗi, shikenan, kar a wahalar da mu da Girkanci.

Lauyan Gobe: Ɗan Kwari yau ka yi magana. Su kansu Turawan suna da wannan ba'ar, wai talaka ne ke haukacewa, mai kuɗi sai dai ya zama eccentric.

Tsohon Malami: Akwai gaskiya a ciki ban musa ba, kuɗi yana sayen uzuri a ko'ina. Amma ba duka kenan ba. Dattijon layin su Maman Ilham ai ba a ce attajiri ba ne. Sharaɗin kalmar shi ne mutum yana cikin hankalinsa, yana biyan kuɗin wutarsa, ba ya cutar da kowa, kawai dai bai damu da abin da za ku ce ba. John Stuart Mill ma a 1859 ya yi rubutu yana kare irin waɗannan mutane, a ganinsa inda ake samun masu ƙarfin hali nan ake samun masu fita daban, kuma abin tsoro ne a wayi gari kowa yana jin tsoron ya bambanta da jama'a. Ka ga al'ummar da manyan masananta ke faɗin haka dole ta tanadi kalma mai laushi ga bauɗaɗɗe.

Bazazzagiya: To ni abin da nake gani kenan, mu Hausa ba mu da kalma mai laushin. Duba fa: bauɗaɗɗe, murɗaɗɗe, bahago, miskili, har da karin magana wai miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Tsirfa, iyayi, fi'ili, feleƙe, sanabe, duk suka ne. Mu in ba ka yi yadda kowa yake yi ba to ka shiga uku, tun daga ɗaurin ɗankwali har sunan da za ka sa wa ɗanka sai an tanka. Ina da ƙanwar uwa da ba ta cin abincin biki ko na waye, da kular ta take zuwa, shekara da shekaru ana gulmarta wai girman kai ne, alhali matar nan ƙyanƙyami ne kawai Allah ya ɗora mata. Da a Ingila take da an ce quirk an wuce wurin.

Almajirin Zaure: Hajiya ban yarda ba gaba ɗaya. Muna da namu uzurin, sai dai ba a kalma ɗaya yake ba, a jimla yake. In an ce ai halinsa ne, ko haka Allah ya yi shi, ko sai haƙuri da Malam, ai an rufa masa asiri kenan an kuma ce a ƙyale shi. Hali zanen dutse ba kullum suka ba ne, wani lokacin sallamawa ce. Sannan mu ma muna da waɗanda ake ɗaga wa ƙafa, malami in ya cika abubuwan mamaki, ba ya sa takalmi ko yana magana shi kaɗai, sai ka ji an ce majazubi ne, har a nemi addu'arsa. Tsoho a ce tsufa ne. Basarake a ce mulki ne. Wanda ba shi da ilimi ba shi da furfura ba shi da rawani shi ne ake ce wa taɓaɓɓe. Maganar Ɗan Kwari ce dai ta dawo, kowa da irin kuɗin da yake sayen uzuri da shi.

Bazazzagiya: Malam duk waɗanda ka lissafa maza ne fa. Mace ta gwada tafiya ba takalmi ta ga ko za a ce majazuba ce.

Almajirin Zaure: Wannan kuma wata muhawarar ce Hajiya, kar admin ya kore mu

Likitan Unguwa: Bari in shigo da idiosyncrasy tunda ita ta gidanmu ce. A asibiti in mun ce idiosyncratic reaction muna nufin magani ya yi wa wani mutum illar da ba a zata ba, ba don an wuce ƙima ba, kawai jikinsa ne haka. Misali magungunan da ke da salfa irin su Septrin da Fansidar, jama'a da yawa su sha lafiya lau, wani ya sha fatarsa ta kama saɓulewa har baki da idanu, sai an kwantar da shi. Shi ya sa muke tambaya ko akwai maganin da ba ya karɓarka, ba surutu ba ne. To haka kalmar take in an ɗora ta ga hali, ba yabo ba zagi, bayani ne kawai cewa wannan nasa ne shi kaɗai. Kuma ba mutum kaɗai ba, tsohuwar mota ma tana da nata, wadda sai ka taka totur sau biyu ka ɗan jijjiga makulli kafin ta tashi.

Tsohon Malami: Likita ya gama magana. In ƙara da asali, guda uku ce aka haɗa a Girkanci, idios na kai, syn tare, krasis gauraye. Likitocin da, tun daga Hippocrates zuwa Galen, sun ɗauka jikin mutum ruwa huɗu ne a gauraye, jini da majina da ɗaci rawaya da ɗaci baƙi, kuma yadda naka suka gauraya shi ne halinka. Daga nan aka samu sanguine ga mai fara'a, phlegmatic ga mai sanyin jiki wanda ba ya ɗaga hankali, choleric ga mai saurin fushi, melancholic ga mai yawan baƙin ciki. Masu jarrabawa ku kula, ƙarshenta s ne da y, ba irin na democracy ba, waccan daga kalmar mulki take, wannan daga gauraye. Ko Turawan suna faɗawa wannan ramin.

Almajirin Zaure: Allahu Akbar, ai wannan shi ne mizaji a littattafan ɗibbu na Larabci! Mazaja ai gaurayawa ce. Dam, balgam, safra'u, sauda'u, haka muka karanta su a zaure, Ibn Sina ya yi dogon bayani a kansu. Ashe rijiya ɗaya aka sha.

Tsohon Malami: Ita ce Malam. Temperament ma haka, daga Latin, gauraya abu daidai gwargwado.

Ɗan Damagaram: Sannunku 'yan Najeriya, mu na Faransanci bari mu sa baki. Foible ɗin da Hajiya ta ambata tamu ce aka ara, tsohon rubutun faible ne, mai rauni. A wasan takobi ana raba ruwan takobi biyu, daga tsakiya zuwa tsini shi ne foible don nan ne ba ƙarfi, daga tsakiya zuwa mariƙi shi ne forte. Shi ya sa a Turanci forte ɗinka shi ne abin da ka ƙware a kai, foible kuma ɗan rauninka. Kuma mu in mun ce mutum original ne ba yabo ba ne sosai, kusan eccentric ɗinku muke nufi, na sha ganin ɗan Nijar da ɗan Najeriya sun kasa fahimtar juna a kan wannan, ɗaya yana jin an ce shi na gaske ne ba jabu ba, ɗayan kuwa cewa yake kansa da motsi.

Uwar Biyu: Hhhhh original kan da motsi. To foible da quirk meye bambancin?

Tsohon Malami: Quirk ba laifi ba ne sam, baƙon abu ne kawai. Foible laifi ne amma ƙarami, wanda ake yafewa, kamar mutumin kirki mai son a yabe shi, ko wanda ba ya iya wuce mai tsire, ko mai ƙara gishiri a labari. In an ce foible an yarda aibu ne, an kuma ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Amma kar ki kira cin amana ko dukan mata foible, wannan vice ne, mai yin haka yana wanke mai laifi ne da sabulun Turanci. 'Yan jarida suna yi wa manya wannan gatan sosai.

Ɗalibar Jami'a: Baba don Allah mannerism fa da tic? Akwai lakcaran da muke da shi kowace jimla sai ya ce you see ya gyara gilashi, har ƙirgawa muke a bayan aji

Tsohon Malami: Gyaran gilashin mannerism ne, motsi ko salon magana da mutum ya saba har bai san yana yi ba, shi masu kwaikwayo ke kamawa. You see ɗin kuma ana ce masa verbal tic, mu sai mu ce sararsa ce. Ku dai ji tsoron Allah ku saurari darasi.

Likitan Unguwa: Amma a yi hattara da tic, asalinsa na asibiti ne, ƙifta ido ko fizgar kafaɗa ko wani sauti da mutum ba shi da iko a kansa. In ya yi yawa ya daɗe akwai lalurar da ake kira Tourette, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1885. Yara da yawa ana dukansu a gida da makaranta wai iskanci ne ko tsirfa, alhali ba da gangan suke yi ba, duka ma ƙara shi yake. Haka masu cewa ni ina da OCD don kawai suna son share ɗaki, ku daina, mai wannan lalurar yana iya wanke hannu har fata ta tsage yana kuka ya kasa bari. Son tsafta daban, ciwo daban.

Lauyan Gobe: Akwai maverick ma, ita ta 'yan siyasa ce, wanda ba ya bin layin jam'iyya. John McCain da ita ya yi kamfe a zaɓen Amurka na 2008. Sunan mutum ne fa, Samuel Maverick, lauya mai filaye a Teksas da ya rasu a 1870, ya ƙi yi wa shanunsa lamba da wuta kamar sauran makiyaya, sai duk maraƙin da aka gani ba lamba a ce maverick ne.

Bafulatanin Gombe: Kun gani ko, saniya ta sake dawowa. Ɗan Kwari ina kake

Ɗan Kwari: Ina nan ina jin ikon Allah. Mu a nan wanda ba ya bin layin jam'iyya anti-party ake ce masa a kore shi, ba wani maverick

Maman Ilham: Ni kuma bari in ja kunnen masu shirin zuwa nan, kalmomi biyu. Tsofaffin littattafan da muka karanta a sakandare suna cewa queer da ma'anar baƙon abu, to yanzu ba haka take ba, ta koma maganar masu neman jinsi, kar ka je ka ce wa makwabcinka haka kana nufin yana da abin mamaki. Kink ma haka, ta koma maganar shimfiɗa. Sannan he is somehow ɗin nan namu na Najeriya ba sa gane shi sam, za su tsaya suna jira ka ƙarasa, somehow me? Ai shi wani iri ne muka juya kai tsaye. Su in za su faɗi haka sai su ce he's a bit odd, ko he's quite a character, kuma ta biyun tana iya zama yabo tana iya zama Allah ya raba mu da shi, sai ka kalli fuskar mai maganar. Interesting ma in Bature ya ja ta a hankali to ba burge shi ka yi ba.

Ɗalibar Jami'a: Anti to weird fa, ita muke ta amfani da ita

Maman Ilham: Tsakanin ƙawaye ba komai, amma kar ki rubuta ta a katin shugabarki. Ta fi odd kaifi.

Ɗan Kwari: To Malam ga tambaya ta ƙarshe kafin in rufe shago. Akwai makwabcina a kasuwa, wlh in zai sha shayi sai ya ƙirga ƙwayar suga a kwali kafin ya fita sallah ya dawo ya sake ƙirgawa, ledar da aka sa masa burodi wankewa yake ya shanya a bayan kanti, kuma fankar shagonsa ba ta juyawa sai kwastoma ya shigo, yana fita ya kashe. Mutumin nan yana da gidaje a cikin gari ba ɗaya ba. Tunda yana da kuɗi eccentric ne ko? Ko quirk ne, ko wancan mai tsawon na likita?

Uwar Biyu: Foible ne mana, ɗan rauni 😂

Tsohon Malami: Ko ɗaya. Iyalinsa suna cin nama?

Ɗan Kwari: Sai da layya, ita ma in an aiko musu

Tsohon Malami: To miser ne, m-i-s-e-r. Da Hausa kuma kai ka fi ni sanin sunansa.